Kusurwar Gonar Shafa'atu

A Tungar Marke, ƙauyen da ke gindin duwatsun Kwatarkwashi, babu wanda zai ce maka an cuci Inna Shafa'atu. Ba a doke ta ba, ba a hana ta tuwo ba. Ɗanta Lawwali mutum ne na sahun gaba a masallaci, ba ya wuce dattijo bai tuɓe takalmi ba. Abin da aka yi mata a hankali aka yi shi, da murya mai laushi, kuma a gaban kowa.

Tsohuwa ce da garin ya ajiye labarinsa a bakinta. Kullum bayan azahar mata kan kwaso audugarsu su zo ƙofar ɗakinta, kusa da zaure, su zauna kaɗi tana ba su labari: yadda kakanni suka sauko daga kan dutse bayan yaƙe-yaƙe sun lafa, wanda ya haƙa rijiyar farko, gidan da ya fito daga wani gida. In za a ɗaura aure, liman kan aiko a tambaye ta ko akwai shan nono tsakanin yaran.

Tana da gona ɗaya, gadon ubanta, a bakin hanyar da ta fito daga arewa ta nufi Gusau. A kusurwar gabas akwai wani fili da ba a sa wa fartanya ba tun shekarar babbar yunwa, shekara goma da 'yan kai ke nan. Nan ita da marigayi mijinta Labbo suka binne baƙin da yunwa ta koro suka faɗi a bakin hanya, lokacin da babu mai ƙarfin kai gawa maƙabartar gari. Ba su da alama sai ƙananan duwatsu da ciyawa ta rufe. Ita kaɗai ta san wanda ke kwance ƙarƙashin kowane dutse, don ita ta riƙa tambayarsu sunayensu tana ɗiga musu ruwa a baki. Cikinsu har da uwar Luba. Luba yarinya ce a lokacin. Shafa'atu ta riƙe ta, ta aurar da ita ga Abdu, wani talaka a ƙauyen, ga ta yanzu cikin masu zuwa kaɗi. Duk Juma'a da hantsi tsohuwar kan dogara sanda ta je kusurwar, ta yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya.

A ranin shekarar da 'yan kasuwar Gusau suka fara neman auduga ido rufe, rigimar gadon gonaki ta yi yawa. Alƙalin ƙasar ya aiko muhutinsa, wato mai taimaka masa, Malam Mas'udu, ya bi kasuwanni yana tara dattawa yana karantar da su. Ranar kasuwar Tungar Marke ya shimfiɗa buzunsa a inuwar ɗorawa. Shafa'atu na zaune baya tare da tsofaffin mata, Lawwali na tsaye cikin magidanta.

"Duk mai dukiya, namiji ko mace," in ji malamin, "shari'a ta ba shi iko da kashi ɗaya cikin uku na abinsa. Yana iya barinsa don Allah, a yi rijiya, ko masallaci, ko maƙabarta, kuma magada ba su da ta cewa. Sharaɗi biyu ne. Ya faɗa a gaban shaidu biyu adilai, kuma ya faɗa yana cikin hankalinsa. Kada ku jira sai ciwo ya kwantar da ku."

A hanyar komawa gida ta ce wa ɗanta, "Lawwali, ka ji abin da malamin ga ya ce. Kusurwar nan ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kasuwa mai zuwa ka kai ni gare shi, in faɗa gaban shaidu. A bar ma waɗanda ke kwance can wurinsu."

Lawwali ya yi 'yan taku, sannan ya ce, "To, Inna. Allah shi kai mu."

Kasuwa ta zo, ya ce jakin ya gurɗe. Wata ta zo, ya ce rana ta yi zafi, ba ya so ta faɗi a hanya. Ta yarda, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Sai wata rana da yamma, tana alwala bayan danga, ta ji shi yana magana da matarsa Sa'adiya.

"Nan ne ƙasa mafi kyau a gonar duka. Ruwa na kwantawa, ga ta ta huta. Bakin ci na ƙaruwa a gidan ga, ga jangali, ga haraji. Kuma waɗanda ke can ba danginmu ba ne. Allah ya riga ya san inda suke."

"Ka san ba ta yarda," in ji Sa'adiya.

"Ba sai ta yarda ba."

Bayan 'yan kwanaki Shafa'atu ta ɗora 'yar tukunyar kunu, barci ya sace ta, kunun ya ƙone. Abu ne da ke samun kowace mace. Amma Lawwali ya ɗauki tukunyar ya fita da ita zaure, inda magidanta ke hira, ya ajiye a tsakiyarsu yana girgiza kai.

"Ku taya mu da addu'a," ya ce. "Inna ta fara ruɗewa. Jiya saura kaɗan ta ƙone mu. Kuma kun san duk Juma'a tana zuwa gona tana hira da duwatsu."

Sun sani. Shekara da shekaru sun sani, suna kiran abin zumunci da tsoron Allah. Ranar ne aka fara kiransa da wani suna.

Da Juma'a ta zagayo ta nemi sandarta ba ta gani ba. Sa'adiya ta ce wataƙila yara sun yi wasa da ita. Ta dafa bango ta kai zaure, ta tarar da Lawwali zaune a bakin ƙofa. Ya miƙe da ladabi, ya riƙe hannunta, ya juya ta.

"Inna, mutane na magana. Ki yi musu addu'ar daga ɗaki, tana isa gare su."

Washegari aka kwashe kayanta daga ɗakin kusa da zaure aka kai wani ɗan ɗaki can ƙuryar gida, bayan rumbuna, inda ake ajiye ƙaiƙayi. Sa'adiya ce ta share shi, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa sabuwar tabarma.

"Nan ya fi sanyi, Inna, ba hayaniyar yara. Don hutunki munka yi."

"Ban ce na gaji ba, ɗiyata."

Sa'adiya ba ta dube ta ba. Ta gyara randar ruwa ta fita.

Bayan azahar Shafa'atu ta zauna ta gyara mazarinta tana jiran mata. Ta ji sallamarsu daga nesa, ta gane muryar kowace. Ta ji Sa'adiya na ce musu Inna ta samu barci, jiya ba ta runtsa ba. Washegari ta ce musu jikin ne. Rana ta uku ta rage murya, amma iska ta kawo kalmar har bayan rumbuna: ruɗewa. Matan suka yi ta Allah ya sawwaƙe. Suka ɗan ƙara zuwa, sannan suka koma yin kaɗinsu a wani gida. Da liman ya aiko tambaya kan wani aure, daga zaure aka mai da ɗan aiken. Har mazarin ma Lawwali ya ɗauke, wai kada ta tsokane ido.

Ba a kulle ɗakin ba. Babu ma ƙyaure, sai asabari. Amma ba sanda, ƙafafunta kuma kullum ƙara nauyi suke saboda zama, kuma duk lokacin da ta leƙo akwai wanda zai tashi da sauri ya mai da ita cikin girmamawa. Daga ɗakinta na da takan ji jakuna na wucewa ta san ranar kasuwa ce. A nan ba ta jin komai sai kukan kurciya a kan rumbu da dakan Sa'adiya. Kwanaki suka fara kama da juna.

Don kada su kuɓuce mata, ta riƙa bin kusurwar a zuciyarta. Ta fara daga dutsen bakin hanya, inda tsoho mai jaki yake, ta wuce ga 'yan'uwa biyu da aka sa a rami ɗaya, ta gangara wajen gawo inda Wasila Bagobira take da jaririnta. Tana kiran sunayen a fili, don a bakinta suka saba zama. Sa'adiya in ta kawo fura takan tsaya a bakin asabari ta saurara, da yamma ta gaya wa mijinta, shi kuma ya gaya wa zaure.

Wata rana da tsakar rana, zafi ya kai zafi, gida ya yi tsit, ta ji ana kankare ƙwarya. Ta san wannan ƙarar. A shekarar yunwa haka baƙi ke yi, su kankare ƙwaryar da babu komai a ciki da farce. Ta ɗaga kai. A lungun ɗakin, wajen da hasken asabari ba ya kaiwa, mace na zaune da goyo, ta miƙe ƙafafu, diddigenta duk faso. Ba ta ko dubi Shafa'atu ba. Ƙofa take kallo, kamar mai jiran a zo a gaya mata inda za ta.

"Wasila," in ji tsohuwar a hankali. "Ban manta ba. Hana ni zuwa anka yi."

Daga ranar matar ta riƙa zuwa. Wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci akwai wasu a bayanta, a jere jikin bango. Shafa'atu ba ta ji tsoronsu ba. Abin da ya dame ta shi ne ba ta da abin da za ta ce musu. Ta rage cin tuwo, don kunya take ji ta ci suna zaune.

Ana gab da faɗuwar damina, ranar da Sa'adiya ta tafi barka, Luba ta shigo ta bayan danga. Da idonta ya saba da duhun ɗakin ta ga yadda tsohuwar ta koma, sai ta durƙusa ta rufe baki da gefen zane.

"Bar kuka," in ji Shafa'atu. "Dube ni. Kin ga mahaukaciya?"

"A'a, Inna."

"To in kin kai daddawarki kasuwa, ki nemi Malam Mas'udu. Ki ce tsohuwa na da magana ta shari'a, an hana ta fita. Shi zo da kansa."

"In Lawwali ya ji ni ce, Abdu zai shiga uku. A gonarsa yake samun na hatsi."

"Na sani. Ban da wani sai ke."

Luba ta je. Ba a jima ba, wata rana da hantsi, Shafa'atu ta ji sallamar maza a tsakar gida. Aka ɗaga asabari, haske ya faɗo mata a ido har ta kare da hannu. Malam Mas'udu ya zauna a bakin ƙofa, liman na gefensa, Lawwali ya tsuguna baya kansa a sunkuye.

Malamin ya gaishe ta, ya tambayi sunanta da na ubanta. Ta faɗa, ta ƙara da na kakanta. Ya tambayi iyakar gonarta, ta zana masa ita gabas da yamma, liman na gyaɗa kai.

"Inna, yau wace rana ce?"

Ta nemi ranar ta rasa inda za ta kamo ta. "Talata," ta ce.

"Alhamis ce. Ba komai. Wane wata muke ciki?"

"Malam, daga ɗakin ga ba a ganin wata. Ku tambaye ni abin da na kira ku dominsa."

Ya ce ta faɗa. Ta faɗa tiryan-tiryan, ba gargada: kusurwar gabas, daga dutsen bakin hanya zuwa gindin gawo, ta bar ta don Allah, maƙabarta ce, kada a noma, kada a sayar. Malam Mas'udu ya dubi liman. Ta ga a fuskar malamin maganar ta shige shi. Har ya gyara zama zai yi magana, sai Lawwali ya ɗago kai.

"Allah shi gafarta Malam, ni ba ni jayayya da uwata. Abin da ta ce, in shari'a ta karɓa, na karɓa. Tambaya ɗaya kawai." Ya juyo gare ta, muryarsa kamar ta mai lallashin yaro. "Inna, gaya ma Malam. Wa ke zuwa wurinki da rana in gida ya yi shiru?"

Ta dube shi. Ita ta koya masa tun yana ƙarami cewa ba a ƙarya a gaban malamai, kuma ya san ba za ta yi ba. Tana iya cewa babu kowa. Bakinta ya buɗe don ta faɗi hakan, sai idonta ya kai lungu. Matar na nan zaune da goyonta, karo na farko kuma ta juyo tana kallonta.

"Wasila Bagobira kan zo," ta ce. "Ga ta can."

Mazan uku suka dubi lungun. Ƙaiƙayi ne da tsohuwar ƙwarya.

Malam Mas'udu ya shafa fuska. "Allah ya ba ki lafiya, Inna. Ba ni da ikon ɗaukar shaida a haka. In ta samu sauƙi, Lawwali, ka aiko mini."

"In sha Allahu, Malam."

Aka saki asabari.

Liman ya san Shafa'atu shekara arba'in, ya kuma ji yadda ta zana iyakar gonarta babu kuskure, amma ya ce a ransa shi ba alƙali ba ne. Malamin ya bi ƙa'idar da ya karantar, ya hau dokinsa. Matan da suka sha labari a ƙofarta suka ce sha'anin gida ne, ba a shiga tsakanin uwa da ɗa. Sa'adiya ta ce ita matar aure ce, abin da aka ce ta yi take yi, kuma ai ba ta taɓa barin tsohuwar da yunwa ba. Lawwali kuwa ya riƙa karɓar sannu a masallaci, ana yaba masa haƙurin jinyar uwa. Kowa ya samu maganar da zai kwanta da ita.

Bayan zuwan malamin ta daina kiran sunayen a fili, tunda da su aka kama ta. Ta riƙa bin su a zuci. Amma abin da ba a furtawa gudu yake. Wata rana ta tashi daga dutsen bakin hanya ta rasa wanda ke biye da tsoho mai jaki. Wata rana 'yan'uwan nan biyu suka koma gindin gawo, ta san ba nan suke ba, ta kasa mai da su. Masu zama jikin bango suka ƙaru, fuskokinsu suna shiga juna.

Ruwa ya zauna sosai, aka gama noman gero na fari, lokacin shukar auduga ya yi. Lawwali ya kira gayya. Tun da sassafe gida ya cika da mata masu tuƙa tuwon 'yan aiki, ta ji muryoyin da ta sani suna dariya a bakin murhu, taki kaɗan daga rumbuna. Babu wadda ta leƙo. Can sai gangar noma ta tashi daga wajen gari, samari na amsawa, ƙarar na nisa tana bin hanyar gona.

Da rana ta take, aka ɗaga asabari da sauri. Luba ce, hannunta duk garin tuwo, tana haki.

"Inna, sun gama yamma, sun ci rabin tsakiya. Bayan tuwo za su shiga kusurwa." Ta durƙusa ta kama gwiwar tsohuwar. "Abdu na cikinsu, ba shi iya ƙi. Amma ya ce in na gaya mishi daidai inda innata take, shi zai kama kunyar wurin, shi kauce mata da galma, ba wanda zai lura. Ni ina kwance ba lafiya sa'ad da kunka binne ta, kuma ban taɓa samun ƙarfin zuciyar zuwa ba. Ni za ni kai tuwon yanzu. Wane dutse ne?"

"Tambaya," in ji Shafa'atu. "Sunanta Tambaya. Doguwa, mai tsaga a kumatu. Ta ce in riƙe ki."

"Ita ce, Inna. Ina take?"

Tsohuwar ta rufe ido. Ta tsaya a dutsen bakin hanya. Ta ga ciyawa, ta ga gawo, ta ga Labbo tsaye cikin rami yana share gumi. Ta ga zanen da ta rufe Tambaya da shi, baƙi mai farin baki. Ta nemi ramin. Yana dama da gawo. Sai ta ga kamar hagu ne, kusa da 'yan'uwan nan. Ko kuwa Wasila ce a hagu. Ta buɗe ido ta dubi bango, ko ɗaya daga cikinsu zai nuna mata. Suna nan a jere, kowa ƙofa yake kallo.

Daga tsakar gida Sa'adiya ta ƙwala kira, ana jiran Luba ta ɗauki ƙwarya.

"Inna, don Allah."

"Bari in tuna, ɗiyata," ta ce. "Yanzu zan tuna."

Aka sake kira. Luba ta jira har kira na uku, sannan ta saki gwiwar a hankali, ta goge ido da bayan hannu, ta fita ta ɗauki tuwon.

Shafa'atu ta koma dutsen bakin hanya ta sake farawa. Tana nan tana farawa har gangar da ta yi shiru don cin tuwo ta sake tashi, wannan karon daga gabas.